Ɗana, Kafin Ka Biya Kuɗin Mai Ƙofa Biyun Nan

Ɗana, na san motar da ke ranka. Gajeriya ce, ta lafe a ƙasa kamar kyanwa mai haƙon ɓera, ƙofarta biyu, salansarta biyu, in an taka ta duk unguwa sai ta san an wuce. Ka gan ta a wurin masu sayar da motoci a bakin titi, ka tsaya, ka zagaya ta, ka tambayi kuɗi, aka faɗa maka abin da bai kai na Corolla sa'arta ba. Tun daga ranar ba ka da zance sai nata. Ban zo in hana ka ba. Son abin hawa mai kyau ba aibi ba ne, kakanninka ma sun so ingarma, sun yi masa ado, sun yi alfahari da shi. Abin da nake roƙo shi ne ka zauna ka saurare ni tun kuɗin na hannunka, domin da zarar ya bar hannunka, duk abin da zan faɗa maka ya zama jaje.

Ka fara da tambayar da ɗoki ba ya barin mutum ya yi: me ya sa take da araha? Ranar da ta fito daga kamfani ta fi Corolla tsada nesa ba kusa ba. To me ya kawo ta ƙasa haka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. 'Yan kasuwar mota sun san abin da kai ba ka sani ba tukuna: masu nemanta kaɗan ne, tana shan mai, kayan gyaranta na da wuyar samu, kuma ranar da ka tashi sayarwa za ka daɗe kana jiran mai saye. Duk wannan an cire shi daga farashi, an ajiye maka shi a gaba. Da ma tun zamanin dawaki haka abin yake. Sayen doki bai taɓa gagarar mai ɗan abin hannu ba, abin da ke gagara shi ne harawa da dawa da kanwa da ɗan barga, yau da gobe, damina da rani. Shi ya sa dattawa ba su tambayar nawa ka saye shi, sai su ce za ka iya riƙe shi?

Sannan ka tuna hannun da ta fito. Wanda ya sayi Corolla a Amurka ya saye ta ne don zuwa aiki da kai yara makaranta. Wanda ya sayi Nissan 350Z ko Hyundai Genesis Coupe ko Scion FR-S ya saye ta ne don ya ji daɗin gudu. Mai ita na farko wataƙila ya kula da ita, yana kai ta juye a kan lokaci. Amma irin wannan mota in ta tsufa ta yi araha, hannun samari take faɗawa, irinka, masu zafin jini da ƙarancin kuɗi. Su ne ke juya ta a fili har taya ta yi hayaƙi, su sauke ta ta ƙara lafewa, su canza salansa, su taɓa ƙwaƙwalwar injin don ya ƙara ƙarfi. Kafin ta hau jirgin ruwa ta iso Legas ko Kwatano, ta yiwu kai ne na huɗu ko na biyar. Dokin da aka sha sukuwa da shi, ko an wanke shi an shafa masa mai, ƙafafunsa sun san abin da suka gani.

Yanzu bari mu zo kan kalmar da ta fi kowace kalma cutar da masu sayen mota a ƙasar nan, wato garanti.

Wani ɗan ƙanena ya taɓa sayen irin motar nan, ja, mai kyan gani. Na tambaye shi ko ya kai ta an duba, ya ce, "Baba, ai an ba ni garanti. Mutumin ya ce in ta yi wani abu cikin wata ɗaya in mayar masa." Na ce ina takardar? Ya ce ai mutumin kirki ne, tare suke sallar Juma'a. Ba a yi mako biyu ba motar ta tafasa a hanyar Zariya, injin ya buga. Da aka ja ta aka kai wa mutumin kirkin, bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi shi dillali ne, la'adarsa kawai ya ci, mai motar yana Legas, kuma kuɗi sun riga sun tafi. Da aka samu na Legas a waya, sai ya ce lafiya lau motarsa ta bar hannunsa, yaron ne ya tuƙa ta ba ruwa. Aka yi ta zarya, aka sa manya a ciki, daga ƙarshe aka ce a yi haƙuri. Motar ta shekara a gindin bishiya a wani gareji, kaji na kwana a ƙarƙashinta, kafin ya sayar da ita a kan abin da bai kai rabin kuɗinsa ba. Kuɗin nan na aurensa ne ya taɓa. Har yau in na tuna zuciyata sai ta sosu, domin na ga abin yana tahowa, ban matsa masa yadda ya kamata ba. Shi ya sa kai nake matsa maka.

Akwai kuma wanda zai buɗe maka aljihun gaban mota, ya zaro ɗan littafi mai tambarin kamfani, ya ce ka gani, Hyundai garantin shekara 10 take bayarwa. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. A Amurka Hyundai na ba da garantin inji da giya na shekara 10 ko mil 100,000, wato wajen kilomita 160,000, sai dai ga wanda ya saye ta sabuwa kaɗai. Da zarar ta canza hannu, garantin ya koma shekara 5 ko mil 60,000, kuma ana fara ƙirga shi ne tun ranar da aka fara sayar da motar. Genesis Coupe kuwa daga samfurin 2016 aka daina yin ta. Yi lissafin da kanka. Toyota da Honda da Nissan garantinsu a can shekara 3 ne ko mil 36,000 ga jikin mota gaba ɗaya, shekara 5 ko mil 60,000 ga inji da giya. BMW shekara 4 ko mil 50,000. Duk motar da kuɗinka zai iya saye ta wuce waɗannan shekaru tuntuni. Ko da ma da sauran kwana a garantin, alkawari ne da aka yi wa kasuwar can, dilolin kamfanin na can ne ke cika shi. Ba wanda zai ɗauki motarka daga Kano ya kai ta Texas don a canza mata famfon ruwa.

Wani abin kuma da ba a son faɗa maka shi ne, da yawa daga cikin motocin da ake shigo da su daga Amurka a wuraren gwanjo irin su Copart da IAA ake sayo su. Wuraren nan su ne inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci, waɗanda aka ga gyaransu bai cancanci kuɗinsa ba. Motar da aka buga wa takardarta hatimin cewa gyaranta bai cancanci kuɗinsa ba, kamfanin da ya ƙera ta yakan janye garantinsa daga kanta ko da sabuwa ce fil. Ba kowace motar gwanjo ce abin gudu ba, akwai wadda bamba da fitila kawai ta rasa. Amma akwai wadda shasinta ya lanƙwashe aka ja shi da sarƙa, aka cike da foti, aka fesa fenti. Wadda ruwa ya ci ita ce ta fi sharri. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, a 2022 ta Ian ta yi irin wannan ɓarna a Florida, kuma bayan kowace ambaliya motocin ba ɓacewa suke yi ba, kasuwa suke shiga. Motar ruwa takan tashi lafiya, ta yi tafiya lafiya, sai bayan wata shida wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ta mutu a tsakiyar titi, kai da mai gyaran waya ku zama 'yan gida ɗaya.

Kada kuma ka haɗa inshora da garanti. Inshorar nan da doka ta wajabta, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba taka ba. Babbar inshora ma hatsari da gobara da sata take ɗauka. Injin da ya buga don tsufa, ba ruwanta da shi.

To in haka ne, wane garanti ya rage maka? Wanda ka ƙulla da bakinka, ka sa aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin zaɓin sharaɗi, wato ka saya bisa yarjejeniyar cewa kana da wasu kwanaki na gwaji, da kuma zaɓin aibi, wato haƙƙin mayar da kaya in an gano lahanin da aka ɓoye. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ita ce ta yi umarni da rubuta bashi, kuma a cikinta aka ce a kafa shaidu a wurin ciniki. Saboda haka kada kunya ta hana ka cewa a rubuta. Ka nemi sanin mai motar na ainihi, sunansa ya fito a takardar, ba na dillali kaɗai ba. A rubuta lambar shasi, a rubuta abin da mita ke nunawa, a rubuta kwana nawa aka ba ka, ko da bakwai ne, a fayyace cewa in inji ko giya ya nuna lahani a cikin kwanakin, kuɗi za a mayar, ba wata motar za a ce ka zaɓa ba. In da hali, a bar wani kaso na kuɗin a hannun amintacce har wa'adin ya cika. Mai sayarwar da ya yarda da motarsa ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da shi ba ne, to ya taimake ka, ka yi masa sallama ka tafi.

Su kansu motocin ba ɗaya suke ba, kuma ina so ka san halin kowace kafin kyanta ya rufe maka ido.

Wadda na fi ji maka tsoro ita ce Mazda RX-8, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2012. Kyakkyawa ce ƙwarai, kuma kusan kullum ita ce mafi araha a layi. Injinta ba irin na sauran motoci ba ne, ba shi da fistin ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa, kuma a bakin kowace kusurwa akwai ɗan siririn abin toshiya da ke riƙe matsin injin. In waɗannan suka cinye, matsi ya tafi, motar ta rasa ƙarfi, ta riƙa ƙin tashi in ta yi zafi, magani kuwa sai an sauke injin an buɗe shi gaba ɗaya. Haka aka ƙera shi yana ƙona baƙin mai da gangan don ya jiƙa waɗannan abubuwa, wanda bai sani ba sai ya bar shi ya ƙafe. Ƙorafi ya yi yawa har Mazda ta tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000 a Amurka ga samfurin 2004 zuwa 2008, kuma shi ma ya ƙare da daɗewa. Ka je gareji goma a garinku ka tambaya wa ya taɓa buɗe irin wannan inji ya mayar ya yi aiki. Amsar da za ka samu ta ishe ka.

BMW 335i mai ƙofa biyu, ta 2007 zuwa 2010, daɗin tuƙinta ba a magana, turbo biyu gare ta. Amma famfon manta mai matsi ya yi ta mutuwa har kamfanin ya yi kiranye a 2010, ya kuma tsawaita garantin famfon zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Famfon ruwanta na lantarki ne, yakan mutu ba sallama, injin ya yi zafi cikin 'yan mintuna. Ga yoyon mai daga gaskit iri-iri in ta manyanta. In lallai sai BMW, 'yar'uwarta 328i marar turbo ta fi sauƙin hali, ko da yake ita ma ba ta ɗaukar sakaci.

Toyota 86, wadda a Amurka aka fara sayarwa da sunan Scion FR-S, kuma tagwaye ce da Subaru BRZ, kada sunan Toyota ya sa ka ɗauka Corolla ce ta sa kayan sallah. Injinta na Subaru ne, kwantacce, fistin biyu a dama biyu a hagu. A 2018 an yi kiranye a kan sifirin ɗin bawul na waɗanda aka fara ƙerawa, musamman samfurin 2013, aikin da sai an sauke inji ake yin sa. Ka bincika ko an yi wa wadda ke gabanka. Kuma injin nan matsinsa mai yawa ne, fetur mai daraja ta sama aka ƙera shi ya sha, alhali mu a gidajen manmu fetur iri ɗaya ne ake sayar wa kowa, daga mai Keke Napep har mai marsandi. Ba ka manta da gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya lalata motocin mutane ba.

Nissan 350Z da Infiniti G35 injinsu ɗaya, V6 mai lita 3.5, kuma inji ne mai ƙwari, dangin na Infiniti FX35 da makanikanmu suka sani. Wasu daga cikinsu na shan baƙin mai, sai ka riƙa duba sanda. Ka dai sani 350Z kujera biyu ce tak, ko mahaifiyarka da ƙanwarka ba za ka ɗauka tare ba.

In shawarata za ka bi, ka nemi mai ƙofa biyun da cikinta na motar gida ne. Honda Accord mai ƙofa biyu, wadda aka ci gaba da yi har 2017, in mai silinda huɗu ce, injinta shi ne na Accord ɗin da ta cika titunanmu, kowane makanike ya san shi, kayansa na nan a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Apo a Abuja. Mai V6 ɗin ta fi gudu, amma bel ɗin taimin gare ta, wanda ake canzawa a wajen mil 100,000, in ya tsinke kuwa bawul da fistin su gwabza, sannan giyar otomatik ta 2003 da 2004 ta yi ƙaurin suna. Scion tC ita kuma injin Camry ne a cikinta, sai dai na wajen 2007 zuwa 2009 an san shi da shan baƙin mai, kamar yadda masu Camry ta shekarun suka shaida. Waɗannan ba za su ba ka ƙarar da ke tayar da unguwa ba, amma za su kai ka Kaduna su dawo da kai. Ko su ɗin ma, ka sani cewa kamarsu da motar gida ta ƙare a inji. Ƙofa da gilashin gefe da fitilun baya na mai ƙofa biyu daban suke da na mai ƙofa huɗu. Ranar da ɗan acaɓa ya fasa maka fitila, sai ka yi makonni ana nema a kasuwar Ladipo.

Duk wadda ka tsayar, ga abin da ba na so ka tsallake. Ka kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, ka tabbata ta yi daidai da ta takardun kwastan. Ka biya ɗan kuɗi a ciro maka tarihinta daga Carfax ko makamancinsa, ka kuma rubuta lambar a intanet, sau da yawa hotunan ranar gwanjonta za su fito, ka ga yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta. A tarihin za ka ga mil nawa ta yi kafin ta bar can. In ta bar Amurka da mil 170,000 ka same ta a nan da 82,000, ka san an mayar da mita baya, kuma wanda ya yi maka ƙarya a mita zai yi maka a sauran.

Ka je da makanikenka, ba wanda mai motar ya nuna maka ba, kuma ka biya shi kuɗin aikinsa da kyau don kada ya nemi nasa a wancan ɓangaren. Ku je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ku iso, ka ɗora hannu a kan inji ka ji ko da ɗumi. Inji mai sanyi ba ya iya ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga duk fitilun gargaɗi sun kama, na inji da na birki da na jakar iska, domin akwai masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta. A sa mata kwamfuta, kuma mai kwamfutar ya duba ko ba a daɗe da goge laifuffukan ba. Ku ɗaga kafet, ku shinshina, ku leƙa ƙarƙashin kujera da ramin safaya ku nemi tsatsa da busasshen taɓo. A hau da ita kan rami a duba cikinta, inda aka yi walda, inda mai ke ɗiga, da tukunyar tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, wadda ake yawan sacewa tun a hanya. Tayoyin baya da suka cinye fiye da na gaba, kuloci mai wari ko mai kamawa can sama, salansar da ba ta kamfani ba, duk labarin mai ita na baya suke ba ka. Sannan ku tuƙa ta tafiya mai nisa, da na'urar sanyaya a kunne, ku shiga cunkoso da rana tsaka, ku kashe ta, ku sake tayarwa tana da zafi. Zagaye ɗaya a bayan layi ba gwaji ba ne.

Bayan ka saya ma akwai sauran aiki, domin motar nan ba don hanyoyinmu aka yi ta ba. Tsakanin cikin Toyota 86 da ƙasa bai fi santimita 13 ba. Ka tuna tudun rage gudun da ke layinku, da ramukan damina, da ruwan da ke kwanciya a titi a watan Agusta. Dutse ɗaya ya ishi ya fasa tukunyar baƙin mai, siraran tayoyin nan kuma rami ɗaya ke kumbura su ya lanƙwasa wili. Ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu mai toshe matatar iska. Kada ka yarda a cire mata tamostat a ce don ƙasarmu da zafi, kada a zuba mata ruwan rijiya a lagireto, kada a sa mata baƙin mai mai kauri alhali kamfani ya rubuta siriri. Waɗannan dabaru tsohuwar Peugeot ta jure su, injin zamani ba zai jure ba. Fetur kuma ka san inda ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuma V6 ba ta san an cire ba.

Saboda haka kada ka zuba duk abin da ka mallaka a farashin saye. A ganina, in ba za ka iya ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar a gefe ba, don tayoyi da birki da juye da abin da zai ɓullo a watannin farko, to ba ka kai sayenta ba tukuna. Wannan ajiyar ita ce za ta tsaya maka a inda kamfani ba zai tsaya ba. Kuma kada ka ci bashi, kada ka taɓa jarin sana'arka, kada ka sayar da fili saboda ita.

Na bar magana mafi nauyi a ƙarshe, domin ita ba ta kuɗi ba ce. Akwai wani kamfanin Japan mai suna Takata da ya yi jakunkunan iska na kariya ga motoci masu ɗimbin yawa, har da Honda da BMW da Nissan da Mazda na shekarun da kake nema. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, sai ranar hatsari ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima, ya watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuya. Mutane sun mutu ta haka. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna wajen miliyan 67, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Motar da ta baro can kafin a canza mata, tana nan da nata, tana gasuwa a ranarmu. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, tana da shafi a intanet inda za ka sa lambar shasi kyauta ka ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba. Akwai kuma motocin hatsari da jakarsu ta riga ta fashe, aka cusa tsumma a gurbinta aka liƙe murfin sitiyari. Ka sa a tabbatar maka. Bayan wannan, wadda kake so mota ce mai gudu, mai ja da tayoyin baya in irin su 350Z da BMW da 86 ne, kuma irin wannan bayanta kan kufce a kwana in an taka ta da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi. Na halarci jana'izar samari da ba su kai talatin ba, na ga iyayensu mata. Ba na so a zo yi wa mahaifiyarka irin wannan gaisuwa.

Ɗana, in ka karanta wannan har ƙarshe kuma motar na nan a ranka, to ka je ka nema, Allah ya sa albarka. Amma ka yi mini alkawarin abu uku: ba za ka ba da ko kafin alƙalami ba sai ka ga tarihinta, ba za ka biya ba sai makanikenka ya shiga ƙarƙashinta, kuma ba za ka karɓi makulli ba sai an rubuta yarjejeniya shaidu sun sa hannu. In aka ce maka wani na zuwa da kuɗi da yamma, ka ce Allah ya ba shi sa'a, ka dawo gida. Ranar da ka samu wadda ta tsallake duk wannan, ka ɗaura bel, ka tuƙo ta a hankali, ka kawo mini in gani in sa maka albarka.